Gyaɗa Zalla

Yayana Lawal, uwa ɗaya uba ɗaya, ya sa garmar shanu ya binne mini gero da ransa, geron da ya kai gwiwa, ina tsaye ina kallo. Abin da ya yi mini ke nan, kuma ban yafe ba. Mutane suna ce mini magana ta wuce, shekaru sun ja, mutumin ma ya je Makka ya dawo. To, Allah ya karɓa. Ni dai na san abin da na gani a gidana a shekarar da ta biyo baya, kuma shi bai gani ba, don ba ya nan.

Damunar bana ce ta tayar mini da maganar. Bayan shuka ruwa ya yi jinkiri, hadari sai ya haɗu ta gabas ya yi baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsar da shi. Duk lokacin da na ga haka sai tsoro ya kama ni, ko da rumbuna a cike yake. Ana cikin wannan kuma sai ga Yaya Lawal a bakin gonata da mota, da irin maganar da ya zo da ita wancan karon. Zan zo kan wannan. Bari in fara daga farko.

Gandunmu yana bayan Samarun Zariya, wajen da yanzu ɗakunan hayar ɗalibai suka cinye kusan rabinsa. A zamanin Baba, wanda bai sani ba in ya leƙa gonar zai ce mahaukaci ne ya shuka ta. Gero da dawa a gicciye kan kunyoyi, abin da muke kira gicci, a tsakaninsu wake da gyaɗa. Rama da yakuwa a kan iyaka. Kuɓewa da barkono kusa da bukka, kabewa tana bin ƙasa duk inda ta ga dama, rogo a gangare wajen rafi. Ba ta da kyan gani, amma ba watan da za ka shiga ka fito hannu wofi. Gero ya fara isowa tun ana tsakiyar ruwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kafin ya ƙare wake ya zo, sai gyaɗa, sai dawa ta rufe. Rogo kuwa yana kwance a ƙasa yana jiran bazara. Shekarar farin nan da shanu suka yi ta mutuwa a arewa, dawarmu ta ƙone a tsaye ba ta fid da kai ba, amma gero ya sha da kyar, wake ya ɗan yi. Mun rame, ba mu yi roƙo ba.

Bayan farin ne Baba ya rasu, gandu ya koma hannun Lawal. Ga wanda bai tashi a gandu ba: babban gida shi ke da magana a kan gonar gaba ɗaya, shi ke riƙe da rumbu, shi ke ciyarwa. Ƙane kuwa ana yanka masa ɗan yanki nasa na kansa, gayauna, ya noma da yamma in an tashi daga aikin gandu. Abin da ya fito a gayauna nasa ne. Ko Baba bai taɓa sa hannu a tawa ba.

Lawal ba ya son fartanya tun muna yara. Yana aiki a Sabon Gari, wajen unguwar PZ, yana tsayawa kan sikeli yana auna wa wani mai sayen gyaɗa. Kullum yana ganin buhuna suna hawa taragon jirgi, yana ganin masu kawowa suna komawa da sabon keke. Wata ranar bazara ya kira ni zaure.

Ya ce, “Sani, bana gyaɗa za mu yi.”

Na ce, “Ai kullum muna yi, Yaya.”

“Ba irin ta Baba ba, ƙwaya nan ƙwaya can kamar an watsa wa kaji tsaba. Gyaɗa zalla. Daga bakin hanya har rafi.”

“To me za mu ci?”

Ya yi dariya har da buga cinya. “Kuɗi za ka ci, bagidaje. Ka taɓa ganin mai kuɗi a aljihu ya kwana da yunwa a Sabon Gari? Shinkafa ce babu ko doya?”

Na ce masa gandu nasa ne, ya yi yadda ya so, amma gayaunata zan shuka ta yadda na saba. Ya ci gaba da ɓare goronsa. Na ɗauka shirun nan yarda ce.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, ƙasa ta yi ƙamshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Matata Asabe ta zazzage gorunan iri a kan tabarma ta tsince, ni kuma na ɗauki sungumi. Na shuka gero da dawa, bayan an sake ruwa na bi da wake. A tsakiyar gayaunar akwai wani tsohon suri, gidan gara, babba, da tsamiya a kansa. Ƙasar wajen tana da ƙarfi, saboda haka na zagaye shi da shuka har kan kafaɗarsa, na jefa 'ya'yan kabewa a gindin. Gandu kuwa yana nan zaune fayau, Lawal yana jiran sabon iri da takin zamani da mai shanun huɗa, wanda kowa ke layi a kansa. Don ya biya waɗannan ya buɗe rumbun gida ya kwashe abin da ya rage ya kai kasuwa. Ya bar mana abin da ya ce zai kai mu kaka.

Sai da na gama noman firi sannan mai shanu ya iso. Ya huɗe gandu tas. Da hantsi, ina gayaunata ina cire ciyawa, na ga sun tsaya a kan iyaka, Lawal yana nuni da hannu.

Mai shanun ya ce, “Maigida, wannan ai shuka ce.”

Lawal ya ce, “Ina da ido. Shiga.”

Na taho da gudu. Na ce, “Yaya, gayaunata ce.”

Ya ce, “A gonar wa take? Iri ya yi saura, ba zan bar shi ya lalace saboda tuwon gero ba. Da kaka za ka gode mini.”

Maƙwabcinmu na gona da na gida, Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin reluwe ne daga kudancin Zariya, ya yi ritaya ya zauna a Samaru, abokin Baba ne tun da daɗewa. Ya ɗago daga nomansa ya ce, “Lawal, ɗana, abinci fa kake rufewa.”

“Baba, zamani ya canja.”

“Na ji. Cikin mutum fa, shi ma ya canja?”

Lawal ya ɗaga wa mai shanu hannu.

Fartanya tana hannuna. Amma wanda ya tsaya a matsayin uba ba a ɗaga masa murya a gaban bare, haka aka rene mu. Na tsaya kamar dashe. Har yau ina jin ƙarar nan, ƙas-ƙas-ƙas, karan gero ɗanye yana karyewa a ƙarƙashin kofato, garma tana kifa ƙasa a kansa. Warin ɗanyen ganye ya cika wurin. Da suka iso surin sai bakin garma ya yi tsalle ya bugi saiwar tsamiya. Mai shanun ya ja da baya ya sake gwadawa, ya ce shi ba zai karya garmarsa a kan gidan gara ba. Lawal ya dubi ɗan wurin, bai fi filin tsakar gida ba, ya ce, “Bar masa, ya riƙa wasa da shi.”

Gaskiya gyaɗar ta fito da kyau. Kore shar, layi-layi, tun daga hanya har rafi. Masu wucewa a keke suna tsayawa su duba. Har na fara tunanin ko ni ne bagidajen da ya ce. Sai ruwa ya ɗauke na ɗan lokaci, rana ta buɗe. Wata safiya na ga tururuwa tana hawa tana sauka a jikin gyaɗar. Na juya ganye na ga wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe kamar kwarkwata sun lulluɓe bayansa, hannuna ya yi danƙo. Ban ɗauke shi komai ba. Bayan 'yan kwanaki sabon ganyen da ke fitowa ya fara murɗewa, ya yi rawaya, ya dunƙule kamar yatsun kuturu. Shi ya sa ake kiran ciwon kuturta. Gindin da ya kamu ba ya ƙara girma, yana nan a tsugune.

Da farko tabo-tabo ne, nan ɗaya can ɗaya. Kowace safiya in na zo sai in tarar tabon ya faɗaɗa ya haɗe da na kusa da shi. Na tuge waɗanda suka kamu na ƙone, na yayyafa toka, na sa aka yi rubutu aka zuba a kusurwa huɗu. Ruwa ya dawo yana zuba kamar da bakin ƙwarya, amma gonar sai ƙara rawaya take yi. Ban taɓa jin tsoron gona ba sai a lokacin. Nakan tsaya a bakin hanya in kasa shiga. Kuma ba tamu kaɗai ba ce, duk inda ka bi labarin ɗaya ne, har waɗanda suka zo daga Kano da Katsina haka suke faɗa. Ta Baba Yohanna ma ta kamu. Sai dai tasa tana tsakanin layukan dawa ne, ya dube ta ya ce, “To, bana ba ƙuli-ƙuli,” ya ci gaba da yankan geronsa.

Azumin shekarar ya zo a ƙarshen damina. Da bakinmu a bushe muka shiga tugar gyaɗa, ni da Lawal. Ka ja gindi ya taho ba nauyi, saiwa tsirara, in ka ga kwanso biyu ka matsa ya yi fus, ba komai ciki. Lawal ya yi ta tugewa yana matsawa, yana matsawa yana jefarwa, har ya kai tsakiyar gona, sai ya zauna a ƙasa. Abin da muka tara gaba ɗaya bai kai irin da aka zuba ba. Mai sayen gyaɗar da yake yi wa aiki ya rufe sikeli, tunda ba abin aunawa. Bayan Sallah Lawal ya mai da matarsa gidan iyayenta, ya hau jirgin kudu. A tasha ya ce mini, “Zan aiko.” Ban ga saƙo ba.

Abin da ya rage mana shi ne surin nan. Ya ba mu ɗan gero tun a damina, ya ba mu dawa 'yar kaɗan, kabewa manya-manya, da waken da ya hau tsamiya ya yi 'ya'ya kamar ya san halin da ake ciki. Na rataye zangarniyar dawa da ta gero a madafa inda hayaƙi ke bugunsu. Waken kuwa Asabe ta gauraya shi da toka ta zuba a tulu, na liƙe bakin da laka. Na ce mata, “Wannan iri ne. Ko me ya faru ba a taɓa shi.”

Da rani na shiga dako a kasuwar Sabon Gari. Da ƙafa nake zuwa daga Samaru in dawo da ƙafa. Ban san manoma nawa ne suka zama 'yan dako a shekarar ba, amma in mota ta tsaya sai ka ga mun yi mata caa kamar ƙuda, har da dattawan da na sani da rumbuna a da. Lokacin kuma an ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi, kasuwa ta haukace, abin da ka saya jiya yau ya fi ƙarfinka. Shinkafar da Lawal ya ce, tana nan, na ɗauke ta a kaina buhu-buhu zuwa motocin mutane. Abin da nake iya kaiwa gida garin kwaki ne, don shi ne in ka zuba masa ruwa yake kumbura ya cika kwano. Wani lokaci in biya wajen masu tuwo-tuwo a Samaru in sayi ƙanzo. Asabe takan zuba dusa a turmi ta yi ta daka da la'asar, don kada maƙwabta su lura turminmu ya yi shiru.

Ta bayan danga kuwa, gidan Baba Yohanna, ba masu kuɗi ba ne, rigarsa ma duk faci ce. Amma matarsa Mama Saratu yau ta fita da busasshiyar kuɓewa, gobe da barkono, jibi ta soya ƙosai a bakin titi ɗalibai su saye. Gab da Layya suka sayar da harawar wake ga masu raguna. Da zafi ya shigo suka fara tonon rogo. Gyaɗarsu ta mutu kamar tamu, amma su abu ɗaya suka rasa cikin goma. Ni ina jin ƙarar turminsu, na gaske, ina lissafa duk abin da ke ƙarƙashin kunyoyin Lawal.

Muna da 'ya ɗaya a lokacin, ba a daɗe da yaye ta ba. 'Yar fari ce, saboda haka ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, in zan yi maganarta sai in ce “yarinyar nan”. Haka al'ada take, kuma ni na riƙe ta da ƙarfi. Abin da muke ci shi take ci, garin kwaki da safe, garin kwaki da dare.

Bazara ta zo da zafin da ko kare ba ya fita. Kwanon ɗaki yana ƙara da rana tsaka, ruwan randa kamar an ɗora a wuta. A lokacin ne na lura ƙafafun yarinyar sun yi ɓul-ɓul, kumatunta sun cika. Wallahi murna na yi. Na ce wa Asabe, “Kin gani, garin nan ya karɓe ta.” Sai gashin yarinyar ya fara yin ja, yana zubewa in an taɓa. Fatar cinyarta ta fara saɓulewa kamar tsohon fenti. Ta daina wasa, ta daina bin kaji. Daga baya ta daina kuka ma. A ajiye ta a tabarma, a dawo a same ta yadda aka bar ta, ido a buɗe, ƙuda na sauka a gefen bakinta ba ta kora. Ina dawowa daga Sabon Gari, tun daga nesa nake kasa kunne ko zan ji kururuwa daga gidanmu. In na ji shiru sai in ji tsoron shirun ma. Kuma ba ni da bakin tambaya, sai in tsaya a ƙofar ɗaki in ce, “Lafiya dai?” Asabe ta ce, “Da sauƙi.”

Mama Saratu ce ta shigo ɗibar wuta ta gan ta. Ta danna yatsa a ƙafar yarinyar, ta ɗauke, ramin ya zauna bai taso ba. Ta fito zaure ta same ni.

“Sani, kai makaho ne?”

“Mama, me ya faru?”

“'Yarka tana tafiya kana zaune kana kara! Karar me? Tashi ka ɗauke ta, ko in ɗauke ta da kaina in bar ka da kunyarka.”

Na saɓa ta a kafaɗa, karo na farko a gaban jama'a, muka tafi asibiti. Ba ta da nauyi duk da kumburin. Wata nas ta duba idonta, ta duba ƙafar, ta ce wannan ba ciwon allura ba ne, abinci ne babu a jikinta, rogo zalla ba ya gina yaro. Ta ce a ba ta wake, ƙwai, kifi in da hali. Ta dubi hannuna ta ce, “Kai ba manomi ba ne? Ko gyaɗa ba ka da ita a gida? A riƙa dama mata kunun gyaɗa.” Dariya ta kuɓuce mini, irin wadda ba ta da daɗin ji. Matar ta ja kujerarta baya.

Da muka dawo hadari ya haɗu a gabas, na farko a shekarar. Asabe ta kwantar da yarinyar, ta je ta tsaya a kan tulun nan.

“Malam, a fasa.”

“Iri ne. Ga ruwa nan tafe. In muka cinye, me zan shuka?”

“In ta mutu, wa za ka noma wa?”

Tun da aka kawo Asabe gidanmu ba ta taɓa mayar mini da magana ba sai ranar. Na ɗauko taɓarya na buge lakar. Toka ta tashi, waken yana nan fari tas, ko ƙwaro ɗaya bai shiga ba.

Ba a nan tsoron ya ƙare ba, a nan ya fara. Yarinyar ta ƙi ci. A kai ludayi bakinta ta kau da kai. Mama Saratu ta nuna wa Asabe yadda za ta surfa waken ta cire bawo, ta niƙa, ta dama da ɗan garin dawa ruwa-ruwa, ta ɗiga manja, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan duk yini kamar ɗan tsuntsu. Wani ya shiga, wani ya dawo. Ni kuma kowace safiya sai in leƙa tulun in ga ya yi ƙasa, in fita in ga sama ta yi nauyi. Sai kumburin ya fara saɓewa, abin da ke ƙarƙashinsa ya bayyana: ƙashi da fata, haƙarƙari a jere, wuya kamar zai karye. Na ce shi ke nan, mun cinye irin kuma za mu rasa ta. Mama Saratu ta ce haka yake yi, in daina tsaya musu a kai kamar ungulu. Ban yarda da ita ba. Ranar nan ban je dako ba, na zauna a zaure ina kallon inda fartanya take jingine, ina tunanin wace ƙasa ce ta fi taushi a maƙabarta.

Ba zan iya cewa ga tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Abin da na riƙe shi ne wata la'asar, an yi yayyafi an ɗauke. Asabe ta tashi ta bar kwanon kunun don ta kwashe shanya. Sai na ji ihu daga ɗaki, ihun fushi, irin na yaron da aka ƙwace wa abu. Na faɗa ɗakin. Ta jawo kwanon, ta tsoma hannu biyu, kunu har goshi, tana kuka tana lasa. Na ce, “Ramatu! Ramatu!” da ƙarfi, Mama Saratu tana tsaye a bayana. Tsohuwar ta ce, “Ashe ka san sunanta.”

Ruwa ya zauna, tulu ya kusa ƙarewa. Gero da dawar da na rataye a madafa su kaɗai gare ni, kuma ba za su rufe ko gayauna ba. Da sassafe Baba Yohanna ya yi sallama da ƙwarya a hannu, cike da ƙulle-ƙullen tsumma. Ya riƙa kwancewa yana faɗa: wannan farin wake, wannan ja mai saurin nuna, wannan dawa kaura, wannan kuɓewa, rama, yakuwa. A waje ya jingine damin karan rogo. Ya ce, “Rabin waɗannan daga hannun babanka na same su. Gida suka dawo.”

Na shuka gandun ni kaɗai, yadda Baba yake yi. Ina sara ina ganin jiri, in duƙa in ɗago sai duniya ta yi duhu. Tafasa da rama muka ci har suka fita ranmu. Duk safiya sai na juya ganyen wake na duba bayansa. In ruwa ya yi kwana biyu bai zo ba, ba na iya cin ko abin da ke akwai. Har Allah ya kai mu ranar da gero ya yi ƙwari. Na karyo zangarniya ɗaya na gasa tumu a bakin gona, na kawo shi gida da zafinsa, na murje a tafin hannu na hure, na zuba a hannun Ramatu. Ta cinye ta miƙo hannu.

Lawal ya dawo bayan shekara biyu da rediyo a kafaɗa. Ya ga yarinyar tana gudu a tsakar gida ya ce ta girma. Na tara dattawa aka raba gonar, surin ya faɗo a rabona don na ce ko shi kaɗai za a ba ni na yarda. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ya sayar da nasa rabon aka yi ɗakunan haya, ya buɗe kanti a PZ, Allah ya buɗa masa. Ni ban yi arziki ba. Amma tun daga shekarar ban sake ɗaukar kayan wani a kaina ba, kuma da kuɗin barkono da wake da harawa na sa ƙannen Ramatu a makaranta, suka wuce aji huɗun da na tsaya. Ita tana aure a Sabon Gari da 'ya'yanta. Ba ta kai tsayin uwarta ba, ba ta kuma san dalili ba.

To, makon jiya ina gona ina duban sama sai ga motarsa. Ya fito da babbar riga yana ɗage ta kada ƙaya ta kama. Muka gaisa. Ya dubi gonar ya girgiza kai.

“Sani, har yanzu kana nan da wannan kwamacalar? Kowa ya koma masara. Akwai masu abincin kaji, ko nawa ka noma za su kwashe. Ni zan kawo tarakta da taki, kai ka kawo ƙasa, a share wannan tarkacen a yi masara zalla. A ture wancan surin ma, ya cinye wuri.”

Na ce, “Zalla.”

Ya gane. Ya yi 'yar dariya ya ce, “Haba, kai ba ka mantuwa? Ƙaddara ce, ta faɗa wa kowa. Kuma ai ba wanda ya mutu.”

Na ce ya biyo ni. Na kai shi har gindin tsamiyar, takalminsa yana nutsewa a ƙasa. Na ɗora hannu a kan surin, ban sunkuyar da kai ba, karo na farko tun da aka haife ni. Na ce masa:

“Yaya, ciwon gyaɗa ƙaddara ne, ya faɗa wa kowa. Amma ba kowa ne aka binne wa gero ba. Ka ce ba wanda ya mutu. Gaskiya ne, Ramatu ba ta mutu ba. Ka san abin da ya tsaya tsakaninta da kabari? Wannan tudun. Ba tausayinka ne ya bar shi ba, garma ce ta kasa hawa. Gara ta yi wa 'yata abin da wan ubanta bai yi mata ba. Saboda haka in taraktarka ta taka iyakar nan, ta kaina za ta fara bi. Ga hanya can, ka bi a hankali, wake na shuka a inda kake tsaye.”